Git da Mercurial: yadda kowanne ke adana tarihin aiki

Git da Mercurial manhajoji ne masu riƙe tarihin duk gyaran da aka yi wa fayilolin kwamfuta. Dukansu sun fito cikin watan Afrilun 2005, bayan masu gina Linux sun rabu da BitKeeper.

Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta, yana ɗaukar hoton aikin gaba ɗaya a kowace ajiya. Shi ya sa komawa tsohon zubi ba ya cin lokaci, amma neman tarihin fayil guda sai an bi ajiyoyin ɗaya bayan ɗaya. A Mercurial kuwa kowane fayil da kundinsa: bambanci kawai ake rubutawa, jefi-jefi a saka cikakken kwafi don kada karatu ya yi nauyi. Tarihin fayil na fitowa da sauri, sai dai canza masa suna yana cin wuri.

Ga mai koyo a Kore Mairuwa ko Dogon Dutsi, inda kowane mega kuɗi ne, matsalar tana wajen saukewa ta farko: dukansu kan jawo tarihin duka. Umarnin git clone --depth 1 yana kawo zubin ƙarshe kaɗai, amma sai a haƙura da tsohon tarihi.