Daga Faifan Rediyo Zuwa Bidiyon Intanet: Waiwaye Kan Tarihin Naɗar Sujadar Lahadi

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin wata al'ada wadda mutane da yawa suke zaton annobar korona ce ta haife ta a 2020, wato naɗar sujadar Lahadi a bidiyo a ɗora a intanet, domin masu bi su kalla a gidajensu. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa saiwar wannan al'ada ta kai shekara ɗari, kuma muhawarar da ke tattare da ita ta rataya ne a kan tambaya guda: shin jama'ar da ba ta haɗu wuri ɗaya a lokaci ɗaya ba, za a ce ta taru?

Zamanin Rediyo da Talabijin

A ranar 2 ga Janairu, 1921, gidan rediyon KDKA na birnin Pittsburgh a Amurka ya watsa sujadar yamma daga majami'ar Calvary. Bayan shekara goma, a 1931, Paparoma Pius na XI ya buɗe Rediyon Vatikan, wanda Marconi ya kafa masa. A daren Kirsimetin 1948 kuwa aka nuna sujada a talabijin daga majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris. Abin lura a nan shi ne, sujadar Pittsburgh da ta Paris duk kai tsaye aka watsa su, kuma akwai jama'a zaune a majami'a. Mai saurare a gida tamkar wanda ya leƙa ta taga yake.

A Afirka lamarin ya ɗauki wani salo. Mishan ɗin SIM ya buɗe gidan rediyon ELWA a Laberiya a 1954, sannan Tarayyar Lutheran ta Duniya ta buɗe nata a Addis Ababa ta ƙasar Habasha a 1963. Tazarar da ke tsakanin waɗannan tashoshi da masu saurarensu ta tilasta a riƙa naɗar shirye-shirye tun da wuri. A ɗakin naɗar shirye-shirye na Muryar Bishara da ke Jos ake ɗaukar wa'azi da waƙoƙi da Hausa a faifai, a aika Addis Ababa, daga can a watso su ta gajeren zango. Haka aka yi ta yi har Maris 1977, lokacin da gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar. Ke nan Kirista mai jin Hausa ya san naɗaɗɗen wa'azi tun kafin zuwan intanet. Sai dai a wancan zamani faifai ƙari ne kawai a kan taron Lahadi.

Shekarar 2020

Abin da ya sake a 2020 shi ne rufe majami'un kansu. Ikkilisiyar Ingila ta dakatar da sujadar jama'a a ranar 17 ga Maris, kuma kafin ƙarshen watan gwamnatin Nijeriya ta kafa dokar zaman gida a Legas da Abuja. Nan take abin da yake ƙari ya koma shi ne madogara.

A nan ne hanyoyi suka rabu. Babban limamin Canterbury na lokacin, Justin Welby, ya naɗi sujadar Ista a ɗakin girkinsa da ke fadar Lambeth, aka watsa ta ranar 12 ga Afrilu. Ita kuwa fadar Vatikan, a umurnin da ta fitar ranar 25 ga Maris game da Makon Tsarki, ta bayyana cewa watsawa kai tsaye ce za ta taimaka wa masu bi, ban da wadda aka riga aka naɗa. Daman tun 2002 wata majalisar fadar ta faɗi cewa ba a karɓar sakramenti, irin su Jibin Ubangiji, ta intanet.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Naɗaɗɗen bidiyo yana ba da damar gyara kuskure, a haɗa muryoyin mawaƙa daga gidaje daban-daban, kuma wanda intanet ɗinsa ke yankewa ya kalla sa'ad da ya samu hali. Amma kuma yana warware igiyar lokaci, domin mai wa'azi ya yi magana ran Alhamis, wani ya ce amin ran Lahadi, wani sai Talata. Masu goyon bayan watsawa kai tsaye suna ganin in an rasa haɗuwar wuri, bai kamata a rasa ta lokaci ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, muna iya cewa wa'azi da karatu da waƙa sun daɗe da amsar naɗi ba tare da wata babbar gardama ba. Inda gizo ke saƙa shi ne ɓangarorin sujada masu bukatar halartar jiki, kamar baftisma da Jibin Ubangiji.

A ƙarshe, muna jan hankalin 'yan'uwa malaman tarihi ga wani aiki na gaggawa. Bidiyoyin da ƙananan majami'u suka ɗora a Facebook da YouTube a 2020 shaida ce ta harshe da waƙa da halin da jama'a suka shiga, amma suna hannun kamfanoni ne, kuma shafi yana iya ɓacewa dare ɗaya. Ya kamata sassan tarihi na kwalejojinmu su nemi izinin majami'un da ke kusa da su, su kwafe waɗannan bidiyoyi, su rubuta ranar naɗi da ranar watsawa a jikin kowanne.