Shari'ar Bututun Roba a Ƙasar Amurka

A wajejen shekarar 1978, lokacin da jan ƙarfe ya yi tsada, kuma gine-gine suka yawaita a jihohin kudancin Amurka, magina suka karkata ga wani bututun roba mai ruwan toka da ake kira polibutilin, saboda arharsa da sauƙin lanƙwasawa, har ya zamana kafin 1995 an binne shi a bangon miliyoyin gidaje, ana kyautata zaton ya raba mutane da tsatsa har abada.

Amma ba a daɗe ba sai yoyo ya fara bayyana, ruwa yana jiƙe rufi da daɓe. Da masu bincike suka tsaga bututun, sai suka tarar illar daga ciki take farawa, domin sinadarin kulorin da hukumomi ke zubawa don tsarkake ruwan sha shi ne yake cin robar sannu a hankali har ta yi gautsi ta tsage, alhali kuwa bayanta sumul yake, ko gwanin gyaran famfo ba ya iya shaida aibin da ido. Irin wannan ne malaman fiƙihu suke kira ɓoyayyen aibi, wanda yake ba mai saye haƙƙin mayar da haja. Sai dai ina za a mayar da hajar da aka riga aka rufe da bango?

A nan ne husuma ta yi tsanani, domin kuwa kayan sun ratsa hannuwa da yawa. Kamfanin Shell ne ya samar da asalin robar, Hoechst Celanese da DuPont suka samar da wadda aka yi mahaɗai da ita, wasu kamfanoni irin su U.S. Brass suka ƙera bututun, sa'an nan masu aikin famfo suka haɗa. Da aka shiga gaban alƙalai, kowa ya ce hannunsa tsarkakakke ne: wannan ya ɗora wa mahaɗai laifi, wancan ya ce masu haɗawa ne suka matse fiye da ƙima. A ganina hujjar nan ta ƙarshe mai rauni ce, gama abin da sai gwanin gwanaye ne zai haɗa shi lafiya bai cancanci a sayar wa jama'a ba.

U.S. Brass ya karye a 1994. A 1995, a wata kotun jihar Tenesi, Shell da Hoechst Celanese suka yarda da sulhu na dala miliyan 950 don sake wa masu gidaje bututu, ba tare da sun yi iƙirarin laifi ba, kuma a 1996 Shell ya daina sayar da robar domin wannan aiki a Amurka. Wa'adin neman diyya ya ƙare tuni, amma har yanzu akwai gidajen da ke ɗauke da bututun, wasu kamfanonin inshora kuwa suna ɗari-ɗari da lamuntarsu.