Binciken sauro a Hartum da Umdurman: tarihinsa, yadda ake yin sa da halin da yake ciki

Hartum, babban birnin Sudan, na cikin wuraren da aka fi daɗewa ana nazarin sauro a nahiyar Afirka. An fara aikin a farkon ƙarni na 20 a Kwalejin Gordon, wadda ta zama Jami'ar Hartum a 1956. Yankin yana samun ruwan sama na kimanin wata uku ne kawai, daga Yuli zuwa Satumba, sauran watannin kuwa rani ne mai tsanani. Wannan ya sa tambayoyin da masu bincike na can suka sa a gaba suka zo daidai da na mutanen Maraɗi, Damagaram, Katsina da Sakkwato: ina sauro yake shiga da rani, me ya sa maganin feshi yake daina kashe shi, kuma wane sabon iri ne ke shigowa birane?

Mafarin aikin

A 1897 Ronald Ross ya tabbatar a Indiya cewa ƙwayar zazzaɓin maleriya tana girma a cikin sauro. Bayan 'yan shekaru, attajirin magunguna Henry Wellcome ya ba Kwalejin Gordon kyautar ɗakunan bincike, aka naɗa likita Andrew Balfour shugabansu a 1902. Balfour ya kafa wata tawagar ma'aikata da ke zagaya gari suna duba rijiyoyi, kududdufai da jiragen ruwan da ke zuwa daga kudu. Inda suka ga tsutsar sauro sai su cike ramin ko su zuba mai a saman ruwan don ta kasa numfashi. A 1907 Wellcome ya ƙara masa da ɗakin bincike na kan ruwa, wanda ake ja a Kogin Nilu zuwa wuraren da babu hanyar mota.

Balfour ya bar Sudan a 1913. A ƙarshen shekarun 1920 aka gina ɗakunan bincike na Stack, waɗanda daga baya suka zama Ɗakin Gwaje-gwajen Lafiyar Jama'a na Ƙasa. Mansour Ali Haseeb ne ɗan Sudan na farko da ya shugabance su. Manyan annoba biyu sun nuna amfanin aikin tun a lokacin: cutar shawara da ta ɓarke a Duwatsun Nuba a 1940, da saurayen maleriya da suka ratsa ta Wadi Halfa zuwa kudancin Masar a 1942 suka haddasa mace-mace masu yawa.

Ina sauro yake shiga da rani?

Macen sauro ce kaɗai ke shan jini, kuma ba ta cika wuce mako biyu zuwa uku a duniya ba. Ƙwan Anopheles, wato dangin da ke yaɗa maleriya, ba ya jure bushewa na dogon lokaci. Amma a garuruwan Sahel ana shafe watanni babu ko kududdufi ɗaya, da zarar ruwan farko ya sauka kuma sai sauro ya cika ɗakuna.

Salah Omer na Sashen Nazarin Dabbobi na Jami'ar Hartum, tare da Farfesa John Cloudsley-Thompson wanda ya koyar a can daga 1960 zuwa 1971, sun bi diddigin wannan al'amari. Sun kwatanta bakin Farin Nilu da ƙauyukan da ke cikin fako, sama da kilomita 20 daga kogin. A bakin kogi sun tarar sauro na ci gaba da hayayyafa kaɗan-kaɗan duk tsawon rani. A ƙauyukan nesa kuwa babu tsutsa, babu maza, sai mata waɗanda ba su taɓa yin ƙwai ba, a ɓoye cikin bukkoki, kufai, busassun rijiyoyi da ramukan dabbobi. Daga Nuwamba 1966 zuwa Disamba 1967 mata 213 suka iya kamawa. Yawancinsu da jini a ciki, alamar suna cizo, amma ƙwan da ke jikinsu yana girma ne sannu a hankali, bai nuna ba sai a Yuni da Yuli, dab da faɗuwar damina. An buga sakamakon a mujallar Nature a 1968 da mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 1970.

An daɗe ana ja-in-ja a kan wannan sakamako, domin da wuya a maimaita shi. Shaida mafi ƙarfi ta zo ne daga Mali bayan shekara arba'in. A ƙauyen Thierola, tawagar Tovi Lehmann da Adama Dao ta shafa wa sauro kusan 7,000 alama a ƙarshen daminar 2008, sai ga mace ɗaya mai alamar an kama ta da rai bayan wata bakwai. Nazarin Mali ya nuna cewa irin da ake kira Anopheles coluzzii ne ke kwantar da rani a can, wasu irin kuma iska ce ke kawo su daga nesa. Wanda ya fi yawa a Hartum shi ne Anopheles arabiensis. Amfanin sanin wannan a fili yake: idan an gano maɓoyar 'yan tsirarun da ke tsallake rani, za a iya far musu tun kafin su yi yawa.

Yadda ɗakin kiwon sauro yake aiki

Ginshiƙin kowane ɗakin binciken sauro shi ne ɗakin kiwo. Ana riƙe zafinsa a kusan digiri 27, da laimar iska ta kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, da haske na awa 12 da duhu na awa 12. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Mayu, wannan na bukatar wutar lantarki da ba ta yankewa.

Ana kiwon tsutsa a faranta masu ruwa, ana ba ta garin abincin kifi. Kullum sai an tsince waɗanda suka dunƙule, wato matakin ƙarshe kafin fiffike, a zuba su cikin keji mai raga. Manya suna shan ruwan sukari, mata kuma ana ba su jini, ko daga dabba ko ta wata na'ura mai siririyar fata, don su yi ƙwai. Daga ƙwai zuwa babban sauro kwana goma ne zuwa mako biyu. Ƙwan Aedes, mai yaɗa dengi da shawara, ana iya busar da shi a ajiye na watanni. Na Anopheles ba ya ajiyuwa, saboda haka ɗalibai da ma'aikata suke karɓa-karɓa har ranar Juma'a da ranar Sallah. 'Yan kwanaki babu kulawa sun isa su shafe zuriyar da aka yi shekaru ana reno.

A waje kuma, ɗalibi yana ɗiban tsutsa da ludayi mai dogon mariƙi, yana zuƙe sauron da ke jikin bango da bututu, ko ya shimfiɗa fararen zannuwa a ɗaki da sassafe, a yi feshi, a ƙirga waɗanda suka faɗo. Ana feɗe mace a ƙarƙashin madubin likita don a gane ko ta taɓa yin ƙwai. Wasu ire-iren kamarsu ɗaya ce a ido, sai gwajin ƙwayoyin halitta da ake kira PCR ne ke bambanta su.

Gwajin da ya fi shafar jama'a shi ne na bijirewa magani. Ana sa mata 20 zuwa 25 a bututu mai takardar da aka jiƙa da maganin ƙwari na awa ɗaya, a ƙirga matattu bayan awa 24. Idan kashi 98 cikin ɗari ko fiye suka mutu, maganin na aiki. Idan ba su kai kashi 90 ba, sauron ya bijire. Da irin wannan sakamako hukumomi ke zaɓen maganin feshi da irin gidan sauron da za a raba.

Jazira da cibiyoyin bincike

Gonakin Jazira, da aka buɗe a 1925 bayan kammala madatsar Sinnar, sun zama babban filin gwaji. Magudanan ban ruwa sun ba sauro wurin hayayyafa, feshin auduga kuma ya taimaka wajen sa shi bijire wa magunguna irin su DDT da malathion. Wannan ya shafi Hausawa da Fulanin Sudan kai tsaye, domin da yawansu sun yi ƙwadago a gonakin, kuma garin Maiwurno, da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, yana bakin Shuɗin Nilu ne kusa da Sinnar.

A Hartum, ban da Sashen Nazarin Dabbobi, akwai Cibiyar Cututtukan da Suka Zauna a Ƙasa ta jami'ar, da Cibiyar Binciken Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi. Ta biyun ta yi aiki da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya a kan dabarar sakin mazan sauro da aka mayar juya a Jihar Arewa, inda sauro ke rayuwa a siririn bakin Nilu kawai, hamada ta kewaye shi. Daga nan aka samo zuriyar Dongola, wadda ake kiwo a ɗakunan bincike na Turai da Amurka, kuma da ita aka karanta jerin ƙwayoyin halittar Anopheles arabiensis. A Umdurman akwai asibitin koyarwa na cututtukan ƙasashe masu zafi. A 2002 aka ƙaddamar da shirin raba Hartum da maleriya, wanda ya dogara da yaƙi da tsutsa, kusan irin dabarar Balfour. Takunkumin Amurka na 1997 zuwa 2017 ya wahalar da sayen kayan gwaji, shi ya sa ayyuka da dama suka dogara da haɗin gwiwa da jami'o'in waje.

Baƙon sauro daga Asiya

Anopheles stephensi sauron Indiya da yankin Larabawa ne. Yana hayayyafa a tankuna, duro, randuna da ramukan ruwa na masu gini, saboda haka rani ba ya hana shi. An gan shi a Jibuti a 2012, shekarar da ƙasar ta ƙirga masu maleriya 27 kacal. A 2020 adadin ya haura 73,000. Masu bincike na Jami'ar Hartum, ciki har da Ayman Ahmed, sun tabbatar da shi a samfuran da aka tara a Sudan tun daga 2016, sannan a tsibirin Tuti, a mahaɗar kogunan biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansa a 2019, kuma an same shi a Jihar Gombe a Najeriya a 2020. Wani nazari na 2020 ya ƙiyasta cewa ƙarin mutum miliyan 126 a biranen Afirka na iya shiga haɗarin maleriya idan ya bazu. Rufe mazubin ruwa da wanke shi kowane mako na cikin matakan da ake ba da shawara.

Yaƙin 2023

Faɗa tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu, 2023, kuma harabar jami'ar tana kusa da hedikwatar soja. A ranar 25 ga watan Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa mayaƙa sun mamaye ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa sun kori ma'aikata. Gidan Tarihin Halittu na jami'ar ya lalace, dabbobinsa suka mutu. Malamai da ɗalibai sun watse zuwa wasu jihohi da ƙasashen waje.

Zazzaɓin dengi ya riga ya ɓulla a Jihar Hartum a farkon 2023, ciki har da yankin Umbadda na Umdurman, kuma ya sake bazuwa a 2025, bayan da soja suka karɓe birnin a watan Maris. Lalacewar famfuna ta tilasta wa mutane tara ruwa a gida, abin da ke yi wa Aedes da stephensi daɗi. Sake farfaɗo da binciken zai bukaci wuta da ruwa masu tabbas, da firji na ajiye samfura, da sabuwar zuriyar sauro da za a kamo daga fili a rena tun daga farko, da kuma dawowar ƙwararrun ma'aikatan da suka iya kula da ita kullum.