Tramadol da Mofin: Abin da Mai Doguwar Jinya Ya Kamata Ya Sani

Likita kan rubuta wa mai ciwon daji ko sikila magani mai ƙarfi irin su mofin da tramadol. Suna kashe zafin ciwo, amma in an daɗe ana sha jiki kan saba, har ƙwaya ɗaya ta daina isa. In aka haɗa da maganin barci, numfashi na iya tsayawa. Ba a dainawa lokaci guda. Likita ne zai riƙa ragewa a hankali.

Ta fuskar doka, NAFDAC ta amince da tramadol mai miligiram 50 da 100. Mai 225 da ake sayarwa a tasha haramtacce ne, jami'an NDLEA na kamu a kansa. Mai tafiya gida daga Legas ko Fatakwal, ya riƙe takardar likita tare da maganinsa.