Takin Lambun Ikilisiya: Abin da Ke Hana Shi Ruɓewa

Ikilisiyoyi da dama suna da ɗan lambu a bayan majami'a ko kusa da gidan fasto, inda zumuntar mata ko matasa ke shuka alayyafo, tumatir, kuɓewa da yakuwa. Da takin zamani ya yi tsada, da yawa sun koma tara shara da ciyawa don su haɗa nasu. Kukan da muka fi ji shi ne, an tara tun bayan girbi, ga damina ta ƙarato, amma karan yana nan yadda aka zuba shi.

Masu ruɓar da taki ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Suna bukatar abinci, ruwa da iska, kuma in ɗaya ya rasa sai aikin ya tsaya.

A ƙasarmu ruwa ne ya fi rasawa. Iskar hunturu tana busar da tari cikin 'yan kwanaki, busasshen kara kuwa yakan yi shekara bai ruɓe ba, sai dai gara ta cinye shi. A damƙo takin daga tsakiya a matse a hannu. In ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, ya yi daidai. In ya warwatse kamar ƙaiƙayi, yana jin ƙishi. A yayyafa ruwa a kan kowane shimfiɗi tun lokacin da ake tarawa, domin ruwan da aka kwara daga sama bayan an gama ba ya isa ciki. Sai a rufe da tsohuwar tabarma, buhu ko ciyawa, a kuma zaɓi wuri mai inuwa. A wuraren da rani ke da tsawo, kamar Kano da Katsina, rami ya fi riƙe laima. A tudun Jos da kudancin Kaduna kuwa, rami yakan cika da ruwa da damina, saboda haka gara a tara a bisa ƙasa.

Abincin iri biyu ne. Akwai busasshe: karan dawa da na masara, buntun shinkafa, ganyen da aka share a harabar majami'a. Akwai kuma ɗanye: sabuwar ciyawa, ɓawon kayan miya, kashin shanu, na awaki ko na kaji. Busasshe kashi 2 zuwa 3, ɗanye kashi 1. Shara kawai muka fi zubawa don ita ce a hannu, shi ya sa tarin ba ya ɗaukar zafi. Karan kuma a sassara shi da adda, kada guntun ya wuce tsawon tafin hannu. Toka kaɗan ake barbaɗawa. In ta yi yawa tana korar sinadarin da ke sa ganye ya yi kore.

Girma ma yana da muhimmanci. Tarin da bai kai mita 1 a tsawo, faɗi da tsayi ba, ba ya riƙe zafi. Wanda aka haɗa daidai yakan yi zafi cikin kwana 3 ko 4, har ya kai digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Ba sai an sayi ma'auni ba. A soka doguwar sanda har tsakiya a bar ta. In an zaro ta da ɗumi da laima, aiki yana tafiya. In ta fito a bushe da fari-fari a jikinta, a ƙara ruwa. Warin ruɓaɓɓen ƙwai alama ce ruwa ya yi yawa, iska ba ta shiga. Warin fitsari kuma, kashin dabbobi ne ya yi yawa. Maganin duka biyun shi ne a ƙara busasshen kara a juya.

Juyawar ce ke kayar da lambun jama'a. Kowa yana zubawa, ba mai juyawa, domin kowa yana zaton aikin wani ne. A misalin itacen ɓaure (Luka 13:6-9), mai lura da gonar bai tsaya ga roƙon a ƙara wa itacen shekara ɗaya ba, ya ɗauki nauyin tona gindinsa da zuba taki da kansa. Muna ba da shawara dattawan ikilisiya su ba mutum biyu wannan hidima da suna, su juya tarin duk bayan mako 2 ko 3, na gefe ya koma tsakiya. Ranar sharar majami'a ta fi sauƙi, tun da akwai hannuwa. Kuma da zarar tari ya cika, a daina zuba masa sabon abu, a fara wani a gefensa.

Kada a sa leda, batir, nama, kashin kare ko na mutum. Ƙuduji da ya riga ya yi fure a ƙone shi, don irinsa yakan yi shekaru a ƙasa bai mutu ba.

In an kula da shi, takin yakan nuna cikin wata 2 zuwa 3: ya yi baƙi-baƙi, ya huce, yana ƙamshin ƙasar da ruwan fari ya daka. Wanda bai nuna ba yana sa ganyen shuka ya yi rawaya. In ana shakka, a shuka 'yan ƙwayoyin wake a gwangwani da takin gauraye da ƙasa, a duba yadda suka tsiro bayan mako guda.