Demba da Dupont a bakin tashar Dakar

A gaban tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Dakar, wadda Faransawa suka gama ginawa a 1914, akwai mutum-mutumi na tagulla: sojoji biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya baƙar fata, ɗaya Bature, Baturen ya ɗaga reshen itace sama. Mutanen gari na ce musu Demba da Dupont. Wani Bafaranshe, Paul Ducuing, shi ya ƙera su, aka yi bikin buɗewa a 1923 domin tunawa da Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai dai ba nan aka fara kafa su ba.

Da fari suna unguwar gwamnati ne, kusa da inda Majalisar Dokoki take yanzu, kuma rubutun da ke gindinsu ya haɗa yabon baƙaƙen sojoji da na Turawan da suka kafa mulkin mallaka. A 1983, zamanin Abdou Diouf, aka tumɓuke su aka kai maƙabartar Bel-Air. Shekara 21 suna can cikin matattu. Ran 23 ga Agusta 2004 Abdoulaye Wade ya fiddo su, ya ajiye su bakin tasha, filin kuma aka raɗa mishi sunan tirayar, wato sojojin Afirka na rundunar Faransa. Ba a taɓa fuskokinsu ba. Wuri da suna kawai aka sake, abin kunyar jiya ya koma abin alfahari.

Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne sunayen. Dupont a Faransa kamar ka ce Malam Wane ne. Demba ma haka, kowane baƙin soja Demba ne. To amma Demba suna ne na can yamma, ba na Damagaram ko Adar ba. Faidherbe ya kafa rundunar a Senegal a 1857, shi ya sa duk wanda aka ɗiba daga baya, Bambara ne, Mosi ne, Bazabarme ko Bahaushe, a takarda "ɗan Senegal" yake. Tsofaffin sojan da kakanninmu ke ba mu labarinsu suna cikin wanga Demba, amma ba da sunansu ba. Ko harshen da aka yi musu magana da shi gurgu ne: a 1916 an buga wani ɗan littafi mai koya wa hafsoshi wani Faransanci da aka datse ma nahawu, wai shi baƙi za su iya ganewa.

Duk da haka ina ganin bakin tasha ya fi dacewa da su. Tashar ruwa na nan dab da ita, kuma wanga layin dogo, mai suna Dakar-Nijar (kogin ake nufi fa, ba ƙasarmu ba, ƙarshensa Kulikoro ta Mali), a da shi ke kawo gyaɗa da mutane daga cikin ƙasa zuwa bakin teku. Ma'aikatansa sun yi yajin aiki daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948 suna neman a daidaita su da Turawa. Su a littafi suka samu wurinsu, wanda Ousmane Sembène ya fitar a 1960.

An gyara tashar, kuma tun Disamba 2021 sabon jirgin TER ke tashi daga nan. Cikin wuraren da yake tsayawa akwai Thiaroye. Can ne, ran 1 ga Disamba 1944, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan ƴan tirayar da suka dawo daga sansanonin fursunan yaƙi suna neman kuɗinsu. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, François Hollande a 2014 ya ce wataƙila sun wuce 70, masana tarihi da dama kuwa na maganar ɗaruruwa. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira abin kisan kiyashi.