Me Ya Sa Jan Fayil Zuwa Cikin Manhaja Yake Ƙin Yi Idan An Buɗe Ta a Matsayin Admin?

Masu haɗa bidiyo, masu yanka waƙa da masu haɗa kiɗa a kwamfuta sun san wannan matsalar. Ka kama bidiyo ko waƙa da maus daga cikin folda, ka ja ta zuwa Premiere Pro, FL Studio, Audacity ko VLC, sai kibiyar ta koma da'ira mai layi a tsakiya, ka saki, shiru. Da yawa sai su ɗauka manhajar ce ta lalace, su goge su sake sakawa. Galibi ba ita ba ce. Abin dubawa na farko shi ne ko an buɗe ta da "Run as administrator".

Ina matsalar ta samo asali?

Tun daga Windows Vista, wadda ta fito kasuwa a 2007, Microsoft ta kawo tsarin tsaro mai suna UAC. Shi ne akwatin nan da yake fitowa yana tambayar ka Yes ko No. A ƙarƙashinsa kowace manhaja tana da matakinta: ƙasa, tsakiya, sama. File Explorer, wato inda foldojinka suke, a tsakiya yake aiki ko da kai ne mai kwamfutar. Manhajar da ka buɗe a matsayin admin kuwa tana hawa sama.

Akwai kuma wata doka da ake kira UIPI: na ƙasa ba ya aika wa na sama saƙo. Jan fayil ɗin nan da kake yi saƙo ne daga Explorer zuwa manhajar, don haka Windows take tare shi a hanya. Da gangan aka yi haka, don kada wata muguwar manhaja da ta shigo ta bayan gida ta riƙa juya wadda take da cikakken iko. Har yanzu haka abin yake a Windows 10 da 11.

Yadda za ka tabbatar

Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Details, danna maɓallin dama a kan layin sunayen da ke sama, zaɓi "Select columns", ka sa alama a "Elevated". Idan ka ga Yes a gaban manhajarka, to ga mai laifin nan.

Gyara

1. Rufe manhajar gaba ɗaya, ka sake buɗe ta da danna biyu kamar kullum.
2. Idan ta ci gaba da tambayar Yes ko No, danna dama a kan alamarta, shiga Properties, sai Compatibility, ka cire alamar "Run this program as an administrator". Ka leƙa Shortcut, sannan Advanced, don can ma akwai irinta.
3. Idan yanzu ka gama saka manhajar kuma ta buɗe da kanta, rufe ta ka sake buɗewa. Sau da yawa takan gaji ikon admin daga wanda ya buɗe ta.
4. Idan dole sai da admin za ta yi aiki, to shigo da fayil ta cikin gida: File sannan Open ko Import. A Premiere Pro, Ctrl da I ne.

Abin da bai kamata ka yi ba

Za ka ga masu cewa ka shiga Registry ka mayar da EnableLUA zuwa 0. Eh, jan fayil zai dawo, amma ka kashe UAC ke nan ɗungurungum. Daga nan duk abin da ka buɗe, har wanda ya biyo filashin aboki ko ka sauke a intanet, da cikakken iko zai tashi ba tare da ya tambaye ka ba. Ga wanda ya tara aikin wata uku a kwamfuta ɗaya, wannan ganganci ne. Sauke sandar UAC zuwa "Never notify" ma ba magani ba ne, domin tun daga Windows 8 tambayar kawai take ɗaukewa, shingen yana nan daram.

A taƙaice dai, yanka bidiyo ko haɗa kiɗa ba ya buƙatar admin a mafi yawan lokuta. Ka bar admin sai ranar saka manhaja ko gyara saitin kwamfuta. Wanda ya gwada waɗannan bai dace ba, ya faɗa mana sunan manhajar da irin Windows ɗinsa, mu duba tare.